Babbar wuƙa mai naɗewa, daga gaɓa take mutuwa

Yau zancen wuƙa za mu yi. Kada wani shi ce mi ya kai mai magana a rediyo ga sha'anin maƙera. Abin da ya taɓa aljihun mutum da yatsun hannunsa labari ne, ya isa a zauna a kansa.

Duk mai ratsa kasuwa, musamman in Sallar Layya ta ƙarato, ya ga yadda teburan ƴan koli ke cika da wata irin wuƙa mai naɗewa. Ba ɗan kanif ɗin nan da munka sani tun muna lakwal ba, na fiƙe kireyo da ɓare mangwaro. Waɗannan manya ne, baƙaƙe ko masu launin kakin soja, ruwansu ya zarce tafin hannu, ga haƙora kamar na zarto a baya, ga rubutun Turanci a jiki. Ka taɓa ta da babban yatsa ta buɗe da ƙara, ƙwas! Mai tebur kuma ba ya rasa ta cewa: "Alhaji, wagga ta yi maka yanka, ta yi fiɗa, ta sare ƙashi, in ka shiga daji ta yi maka itace." Ga kuma bidiyoyin TikTok da WhatsApp, inda wani ƙaton Bature ke huda murfin mota da irinta.

Ra'ayina a kan wanga abu gajere ne. Wuƙa mai naɗewa, kome girmanta, wuƙa ce da anka raba biyu tun daga masana'anta, anka haɗa da ƙusa guda. Ƙarkonta yana ga wannan gaɓa da makullin da ke riƙe ta, kuma duk yadda ruwa ya ƙara tsawo, wahalar gaɓar ƙaruwa take. Tana da aikin da ta fi kowace wuƙa dacewa da shi, zan zo kansa. Amma yankan babbar dabba, saran ƙashi, faskare da ɓamɓarar abu ba nata ba ne, kuma wanda ya sa ta wannan aiki da yatsunsa yake caca.

Mu ɗauki wuƙar mahauci mu duba. Ƙarfe ɗaya ne tun daga tsini har wutsiyar da ta shige cikin ƙota. In ka danna, ƙarfin hannunka yana bin ƙarfen nan ya bazu. Ita kuwa mai naɗewa, ruwanta ya ƙare ne daidai bakin mariƙi. Abin da ya shiga ciki bai fi santimita 2 ko 3 ba, an huda shi, an zura ƙusa. Duk nauyin da ka ɗora, wurare uku ke ɗaukarsa: ƙusar da ruwa ke juyawa a kanta, ɗan ƙarfen da ke tare ruwa kada ya wuce baya, da makullin da ke hana shi rufewa. Uku ɗin nan in ka tara su ba su cika cokalin shayi ba.

Yanzu ga lissafi, irin wanda kowane makanike ya sani ko bai shiga aji ba. In notin tayar kamyo ya ƙi kwancewa, tiyon ƙarfe ake zura ma kile don hannu ya ƙara tsawo, sai noti ya sallama. Haka ruwan wuƙa yake ga makullinsa. A ce ruwa santimita 10 ne, wurin da makulli ya kama shi kuma santimita 1 daga ƙusa. In anka danna tsini da nauyin kilo 10, kilo 100 makullin ke ɗauka. Ka mai da ruwan santimita 20, makulli ya ɗauki kilo 200, buhu 2 ke nan na gero a kan ƙarfen da bai kai faɗin farce ba. Don haka in mai tebur ya ce maka wagga ta fi waccan ƙarfi saboda ta fi ta girma, ka tambaye shi ko makullin ma an ninka shi.

Akwai kuma zancen ta ina ƙarfin ke fitowa. In kana yanka igiya ko albasa, abin da kake yankawa yana tura ruwa baya ne, wajen buɗewa, makulli na hutawa. Shi ya sa kanif marar makulli ke shekaru yana aiki lafiya. Matsala na farawa in ka soka tsini cikin abu mai tauri, ko wuƙa ta maƙale a ƙashi kana girgiza ta don ta fito, ko ka buga bayanta da itace. Nan ƙarfi ke juyowa wajen rufewa, inda yatsunka huɗu suke. In kuma ka murɗa ta gefe, kamar mai ɓalle murfin gwangwanin fenti, ƙusa ce ke sha, sai gaɓa ta saki, wuƙa ta fara kaɗa kai. Gaɓar da ta fara rawa ba ta komawa daidai da kanta.

Wuƙaƙe masu naɗewa da sunka daɗe a hannun ma'aikata, a Afirka da wajenta, suna da darasi a kan haka. Akwai Douk-Douk, wadda gidan Cognet ya fara ƙerawa a garin Thiers na Faransa a 1929. Don tsibiran tekun Pasifik anka yi ta, amma a Aljeriya da sauran ƙasashen da Faransa ta mulka ta samu kasuwa. Guntaye 6 ne kacal a jikinta: ruwa, mariƙin farantin ƙarfe da anka ninke, rasor mai tauri, ɗan zoben rataya, da ƙusoshi 2. Ba ta da makulli ma. In gaɓarta ta saki, a ɗora ta kan dutse a ɗan bubbuga ƙusar da guduma, ta koma aiki.

Akwai Okapi, wadda Jamusawan Solingen sunka fara yi a 1902 don kasuwannin Afirka, daga baya a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Rasor ɗinta a bayan mariƙi yake, a fili, da zoben da ake ja in za a rufe. Akwai Opinel ta tsaunukan Savoie, tun 1890. Shekara 65 ana sayar da ita babu makulli, sai a 1955 anka ƙara mata zoben nan da ake murɗawa ya tare ruwa. Mai lamba 8, wadda ta fi yaɗuwa, ruwanta santimita 8 da rabi ne, kuma a Faransa kuɗinta bai kai Yuro 20 ba, wato ƙasa da jika 13 da ƴan kai. A Amurka kuma akwai Buck 110 da ta fito a 1964, mai makulli a gadon baya, wadda maharba sunka amince da ita wajen fiɗa. Ruwanta santimita 9 da rabi.

Kun lura da abin da ya haɗa su? Ba mai tsawon adda a cikinsu, ba mai ado, kuma kayan cikinsu kaɗan ne. An yi su don yanka, masu su sun tsaya ga yanka, shi ya sa jikoki ke gadonsu.

Yawancin manyan da ke kan teburanmu yau wani irin makulli gare su, wanda wani maƙerin Amurka, Michael Walker, ya gyara ya fito da shi wajen 1980. Wani siririn faranti ne cikin mariƙi, in ruwa ya buɗe sai ya zamo ya tsaya a gindinsa. Dabara ce mai kyau in an yi ta da awo, don da hannu ɗaya ake buɗewa a rufe. Amma ita ce ta fi sauƙin kwaikwayo da araha, kuma in farantin ya yi siriri, ko kusurwar da ya haɗu da ruwa ta kauce ko da kaɗan, bugu ɗaya ke zamar da shi.

Wani zai ce, to bidiyon fa? Ƙarya ce? A'a, ba duka ba. Akwai kamfanoni da sunka sa ilimi da kuɗɗi wajen ƙarfafa gaɓa. Wanda ya fi suna shi ne Cold Steel, da Lynn Thompson ya kafa a Amurka a 1980, kuma shi ya yaɗa salon tallan nan na huda mota da rataya nauyi a mariƙi. Suna da makulli mai suna Tri-Ad, ƙirar Andrew Demko, inda anka gitta wata ƙusa mai kauri tsakanin ruwa da makulli don ta shanye bugu. Babbar wuƙarsu, Espada XL, da anka kwaikwayo daga tsohuwar wuƙar mutanen Sipaniya, ruwanta santimita 19 ne, in ta buɗe duka ta wuce 40. Irin wannan tana jure abin da zai ba ka mamaki, ban musa ba.

Sai dai abu biyu. Na farko, kuɗinta ya haura dala 100 nesa ba kusa ba, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa 5 ba. Wato sama da jika 50 tun kafin ta hau jirgi, kafin duwan ta ce nata. In ka ga mai kama da ita, da sunan a jiki, ana ce maka jika 3, ai kai ma ka san amsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na biyu, mai bidiyo in wuƙa ta lalace kashe kamara yake ya ɗauko sabuwa cikin kwali. Kai guda ɗaya gare ka. Su kansu manyan kamfanonin, ka karanta takardar garantinsu: Buck, alal misali, ya faɗa ƙarara cewa ba a yi wuƙarsa don ta zama guduma ko kurfi ko abin ɓamɓara ko sukurdireba ba, kuma in ka yi hakan ta karye, ba ruwansa. Wanda ya ƙera ya ce kada a yi, mai tebur ya ce a yi. Wa za ka bi?

Kada kuma a ce zagin kayan Shinuwa nake. Garin Yangjiang na ƙasar Sin cike yake da masana'antun wuƙa, kuma ana yin masu kyau ƙwarai a can, har manyan kamfanonin Turai da Amurka na ba da aiki a ƙasar. Ɗan kasuwa abin da ya biya ake loda masa. In ya ce a yi masa mai sheƙi mai araha, ita za a yi, ita kuma za ta iso mana.

Mu zo ga ƙarfen kansa. Abin da ke sa wuƙa ta riƙe kaifi shi ne sinadarin karbon da ke cikin ƙarfe, yawanci tsakanin rabin kashi 1 zuwa kashi 1 cikin 100, sannan da ban-ruwa: a gasa ƙarfe ya yi ja, a tsoma shi a ruwa ko mai ya yi tauri, a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya zama mai fashewa kamar kwalba. Kalmar inokis da kuke gani, ko takwararta ta Turancin Ingila, abu ɗaya take faɗi: an sa kurom, aƙalla kashi 10 da rabi cikin 100, don tsatsa ta rage kamawa. Ba ta ce kome ba a kan kaifi. Cokalin cin shinkafa ma inokis ne. Masana'antu na auna tauri da ma'aunin Rockwell, wuƙar aiki ta kirki takan faɗa tsakanin 55 da 60. In ta yi ƙasa sosai, kaifi ya kwanta tun ba a gama fiɗar akuya ba. In ta yi sama ba tare da an ɗumama ta yadda ya kamata ba, baki ya ɓantare a ƙashin farko. Kuma ba a gane wannan da ido, fenti baƙi ya rufe kome.

Nauyi ma yana ruɗin mutane. Ka ɗauka ka ji ta cika hannu, ka ce wagga ƙarfe ce. Sau da yawa nauyin na mariƙi ne, na wani narkakken ƙarfe mai araha da ake zubawa a ma'auni, mai nauyi amma mai saurin tsagewa. Kauri kuma ba kaifi ba ne. Ruwa mai kaurin milimita 4 ko 5 tsaga albasa yake kamar gatari. Ku dubi masu kilishi, a Madawa ko Tasawa ko Yamai, da irin wuƙar da suke shimfiɗa tsoka da ita har ka hango rana ta ciki. Siririya ce, doguwa, marar gaɓa. Su da sunka fi kowa aiki da wuƙa a ƙasar nan, kun taɓa ganin mai naɗewa a hannunsu lokacin aiki?

Sannan ga ƙasarmu da halinta. Wuƙaƙen nan ba a gwada su cikin ƙurar hunturu ba. Rairayi in ya shiga gaɓa ya haɗu da mai, ya zama kamar dutsen wasa, kullum ka buɗe ka rufe yana cin ƙusa. In ya taru a ramin da makulli ke faɗawa, makullin ba zai zauna duka ba, kana jin ƙwas ɗin amma rabi ya kama. Masu mariƙin itace irin Opinel kuma, da damina itacen kan kumbura har ruwa ya ƙi fitowa sai an buga gindinta a tebur. Sai babbar magana: jini da kitse. Wuƙar mahauci ka wanke da sabulu ka goge, ta fita tas. Mai naɗewa tana da lunguna da ko tsinke ba ya kaiwa. Kitse ya shige ya daskare, jini ya bushe, ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40. Gobe da ita za a yanka ma yara kankana.

Shi ya sa nake roƙon magidanta, don Allah kada a kusanci ragon layya da ita. Addini ya yi umurni a wasa wuƙa a hutar da dabba, kowa ya ji wannan daga bakin malamai. Yanka na son ruwa mai tsawo, mai kaifi tun daga gindi har tsini, wanda zai wuce a ja ɗaya ko biyu. Rago na shure-shure, bijimi ya fi, hannu ya jiƙe. Lokacin ke nan da ƙarfi ke zuwa ta kowane gefe, daidai abin da makulli ba ya so. Haƙoran zarton nan kuma da ke gindin wasu, yagar fata suke, azaba ce ga dabba. Wajen fiɗa ma tsininsu mai kaifin mashi huda fata yake, alhali fatar da ta huje ta faɗi a kasuwa. Mu da ake yabon fatar jar akuyar Maradi har ƙasashen waje, bai kamata a koya mana wannan ba.

In kuwa makulli ya saki, ga inda abin ke ƙarewa. Ruwa na faɗowa ne a bayan yatsu, ko ya kama manuniya daidai gaɓa, inda jijiyoyin da ke motsa yatsa suke dab da fata. Jijiyar da ta tsinke ba ta haɗewa don an ɗaure da tsumma, sai likitan tiyata ya ɗinke, kuma da wuri. Mutumin ƙauye sai ya nemi mota zuwa babban asibiti, ga kuɗin aiki, ga allurar tetanos, ga makonni hannu a naɗe. In tela ne ko makanike ko manomi da damina ta kama, a lissafa abin da ya rasa. Araha ba ta ado, wani lokacin har yatsa take ci.

To mi ya kamata a saya don aikin ƙarfi? Abin da ke gabanmu tun kakanni. Wuƙar yanka daban, ta fiɗa daban, ƙashi kuma na gatari ne ko adda. Maƙeranmu, daga na Katako a Yamai har na kasuwar Dole a Damagaram da na kasuwannin ƙauye, da yawansu da lam ɗin rasor na tsohuwar mota suke aiki, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce ma sifirin. Ƙarfe ne da anka yi don ya ɗauki lodi ya lanƙwasa ya dawo shekara da shekaru, yana da karbon daidai gwargwado, yana karɓar ban-ruwa. Wuƙar da anka fitar daga cikinsa in ta dakushe ka wasa a dutse, in ƙota ta tsage a sa wata, in baki ya ɓantare maƙeri ya mai da ita wuta. Badukku ya ɗinka mata kube. Kuɗin kuma ya tsaya cikin gari.

Amma maƙera, ku ma ga naku, kada ku ce na shafa muku mai kawai. Abin da ke kai matasa ga teburin ƴan koli har da halin wasunku. Wani da rodin gini ko guntun tano zai buga wuƙa, ƙarfen da ba ya ɗaukar ban-ruwa ko an kwana ana tsomawa, ya goge ta yi ƙyalli ya sa a kasuwar jajibiri. Wani wutsiyar da zai sa cikin ƙota ba ta kai ɗan yatsa ba, sara biyu ta fice. Mai saye ba ya iya bambance aikin gwani da na mai gaggawa, sai duka su yi baƙin jini. Shawarata, duk maƙerin da ya yarda da aikinsa shi buga alamarsa a jikin ruwa, ko harafi ko zane. Opinel hannu mai kambi take bugawa, da shi anka san ta a duniya. In wuƙa ta yi kyau a san wanda za a koma ma, in ta ɓaci a san wanda za a tuhuma. Sarakunan maƙera da ƙungiyoyin masu sana'ar hannu na iya fara wannan ba tare da jiran kowa ba.

Ita mai naɗewa fa, a jefar? Ko kaɗan. Wurin da ta fi kowa shi ne aljihu. Direban da ke hanyar Konni zuwa Agadas, makiyayi, mai lambun albasa a Galmi, mai ɗaurin kaya a tasha, magini, ɗan kabu-kabu: duk suna bukatar abin yanka igiya, farke buhu, fere rake, gyara tiyo, wanda ba zai huda riga ko cinya ba. A nan ba ta da na biyu. Kuma don wannan aiki ruwa mai santimita 8 zuwa 10 ya isa har ya yi saura.

In za ka saya, kada kunya ta hana ka gwadawa gaban mai ita, sai an gwada akan san na ƙwarai. Buɗe ta ta kulle, ka kama bayan ruwa ka girgiza hagu da dama, sama da ƙasa. In ka ji motsi ko ɗan ƙara, ajiye. Riƙe mariƙi ta gefe, yatsu nesa da hanyar ruwa, ka danna bayan ruwan da tafin ɗayan hannu a hankali. Makullin kirki ba ya ko gezau. In mai faranti ce a ciki, leƙa ka gani: farantin ya shiga gindin ruwa da dukan kaurinsa, ko da baki-baki ya tsaya? In kuma ya riga ya tsallake can ɗaya gefen tun tana sabuwa, ba ta da sauran rai. Rufe ta ka duba ko ruwa ya kwanta a tsakiya ba ya gugar bango, kuma tsini ya ɓuya duka. In akwai magagari kusa, a ɗan goga a kusa da kaifi: ƙarfe mai tauri zamewa magagari yake a kansa, mai taushi kuwa sai ya ci kamar sabulu. Ka guji mai ramuka da yawa a ruwa, don daga rami tsaga ke farawa. Ka guji mai tarkace, tocila da abin fasa gilashi da sauransu. Kuɗin da anka kashe a kansu daga ƙarfe anka rage.

In ka samu ta kirki, riƙonta ba wuya. A wanke, a busar da ita a buɗe, a hure ƙura daga gaɓa, a ɗiga mai ɗigo ɗaya. In tana taɓa abinci kada a sa baƙin man mota. Wajen wasa kuma a yi hattara da injin lantarki: in ka ga bakin wuƙa ya canja launi ya yi shuɗi, zafi ya kai wajen digiri 300, ban-ruwan wurin ya tafi, ba za ta ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wannan wurin duka. Dutse da ruwa sun fi, ko mai injin ya riƙa tsomawa a ruwa akai-akai. Kuma a kai wasa tun da sauran kwanaki, ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani gefe da ba zan tsallake ba. Mu faɗa ma juna gaskiya, da yawan manyan wuƙaƙen nan ba don aiki anka zana su ba, don ban tsoro ne, kuma yara samari ne ke sayensu. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aisha Macky, na 2021, a kan matasan unguwar Kara-Kara, ya ga inda zaman banza da nuna ƙarfi ke kai yaro, kuma ba Damagaram kaɗai ke da wannan ba. Gardamar da za ta ƙare da zagi a fada, in akwai santimita 15 na ƙarfe a aljihu, tana iya ƙarewa a asibiti da gidan kaso. Ƙasashen da ake ɗauko bidiyon ma ba sakaka suke ba. A Ingila, dokar 1988 ta hana yawo da wuƙa a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, in ban da ƙaramar mai naɗewa da ruwanta bai wuce inci 3 ba, wajen santimita 7 da rabi, kuma kotunansu sun ce mai makulli ba ta cikin wannan sassauci. Uba in ya ga irinta a ɗakin ɗansa, ya tambaye shi aikin mi yake da ita. In akwai aiki, a saya masa wadda ta dace da aikin.

Jama'a, abin da nake so a riƙe ke nan. Ƴar madaidaiciya mai naɗewa a aljihu don yankan yau da kullum. Wuƙar maƙeri mai kube don yanka da fiɗa. Gatari don ƙashi. Kuɗin ukun nan a haɗe ba zai kai na asalin waccan ƙatuwar ba, kuma ba mai rufewa a kan yatsa in aiki ya yi zafi. Rundawa da maƙera da masu wasa da ke cikin wanga shafi, ku kun fi ni sanin ƙarfe, muna son jin wace wuƙa ta fi daɗewa a hannunku da wanda ya ƙera ta, don na kirki su samu ciniki. Allah shi tsare mana hannuwanmu, shi sa albarka a sana'ar kowa.